Musayar waƙa: mace a kujerar alƙali

Ɗan Kurmi:
Na je kotu na tarar da gyale,
Hajiya ke yanke hukunci wai,
Tuwo na can ya ƙone a murhu,
Mu dai Allah ya kyauta kawai.

'Yar Zazzau:
Ɗan Kurmi me ya kai ka kotun?
Bashin wa ka ci ka ƙi biya?
Aloma ta hau Alƙalin Alƙalai
A 2012, duk faɗin Nijeriya.
Tuwon da ke damunka je ka tuƙa,
Ga muciya nan, ga kuma tukunya.

Uwar Biyu: Ayyiriri! wallahi kin gama da shi, a miƙo masa ruwa ya sha

Malam Na Gwale:
Ku bi a hankali 'yan uwa,
Malikiyya sun ce sai namiji,
Abu Hanifa ya yarje mata,
Banda haddi da kisasi, ku ji.

Sarkin Aruli: Afuwan 'Yar Zazzau amma ɗangonki na huɗu ya karye, in aka karanta 2012 ɗin da baki sai numfashi ya ƙare kafin a kai Nijeriya, kuma tukunya da biya ai amsa-amon dole ne wannan

Uwar Biyu: To fa. na Malam da yake ɗingishi tun daga farko ba ka gani ba sai na mace? son kai dai

Sarkin Aruli: Hajiya ni kari nake aunawa, ba ruwana da gyale ko hula

'Yar Zazzau:
Sarki riƙe ma'auninka tukuna,
Malam na ji, ban ja da fiƙihu ba,
Bulkachuwa shekara shida ta shugabanci
Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta rushe ba.
Kekere-Ekun ta hau Alƙalin Alƙalai a 2024,
Ƙirga wannan ma, ban hana ka ba.

Ɗan Kurmi: ku yi haƙuri data ce ta ƙare tun jiya
Zage-zagi dai akwai surutu,
Ku je ku yi ta can a Tudun Wada,
Mu Kanawa mun san girman rawani,
Ba ma ɗaura wa alƙali sarƙa da warwaro.

Sarkin Aruli: Wada da warwaro?? Innalillahi

'Yar Zazzau:
Kanon da kake taƙama da ita,
Dije Aboki ce Babbar Joji,
Ranar da mai bashi ya kai ka gabanta
Cire hular nan ka ce "ranki ya daɗe", ka ji?

Malam Na Gwale: an kira magariba, zan dawo kan maganar Imam Ɗabari a wannan mas'ala