Gida Na Ingila, Kofi Na Baƙi

Malam Habibu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota waƙa. Na zaɓi in buɗe fagen wannan mako da tarihin gasar badminton ta All England, wadda aka fara a Landan a watan Afrilu na 1899, kuma har yau ake buga ta a watan Maris. Amsa-amon da na ɗauka shi ne "ya", ina roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake buɗe fage,
Shi ne Ya hore mana harshe da murya.

Zan yi batun wasan raga da raket,
Da ƙwallon da ake ɗinkawa da gashin dinya.

Gashi goma sha shida ake jera mata,
Ba ta da nauyi, amma bin ta akwai gajiya.

Sojojin Ingila sun buga shi a garin Puna,
A zamanin da suke mulkin Indiya.

Da ya iso gida sai ya ari sunansa
Daga gidan Badminton na wani basarake a Birtaniya.

A 1893 aka kafa masa ƙungiya,
Don a tsara doka, a daina jayayya.

A 1898 garin Guildford ya gwada gasa,
Da ta yi armashi aka ce babba za a shirya.

Sai ga All England a zauren atisayen soja,
A Landan ta tashi, daga nan ta kama hanya.

Shekarar farko bibbiyu kawai aka kara,
Sai a 1900 aka shigo da ɗaya da ɗaya.

Don haka nake cewa gasar ta mutanen Ingila ce,
Su suka haife ta, su suka yi mata tarbiyya.

Malama Rabi

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Na karɓi amsa-amon, sai dai ka faɗi haihuwar gasar ba ka ambaci waɗanda suka cika fagenta ba, musamman mata, shi ya sa na ga ya dace in ƙara waɗannan baitoci.

Malam, ka yi shimfiɗa mai kyau, na yaba,
Amma ka bar gwanayen farko a baya.

Ina George Thomas mai kambi 21,
Wanda har yau babu mai kamo shi a ƙidaya?

Ya iya raket, ya iya darar Turawa,
A duka biyun ya yi zarra a Birtaniya.

Shi ne ya ba da kofin ƙasashe na maza,
Wanda a 1949 ya fara sauka a Malaya.

Frank Devlin na Ailan ya ci ɗai-ɗai sau shida,
Sannan ya bar gadon raket a hannun ɗiya.

Judy ta ci na mata har sau goma,
Ta zarce mahaifinta, ta zama sarauniya.

Daga 1954 har zuwa 1967,
Duk mai neman kambin mata sai ta sha wuya.

Betty Uber ma ta tara kambi 13,
Da sunanta ake kiran kofin mata na duniya.

Daga 1915 zuwa 1919 ba a buga ba,
Saboda yaƙin farko da ya game duniya.

Haka kuma daga 1940 zuwa 1946,
Raga tana naɗe, raket yana ajiya.

Alhaji Isa

Malam Habibu, ina girmama iliminka, amma ban gamsu da baitinka na ƙarshe ba, domin haihuwa daban take, riƙo kuma daban, kuma duk wanda ya bi jerin zakarun maza na ɗai-ɗai zai ga a hannun wa kofin ya fi kwana.

Ka ce gasar tasu ce don su suka haife ta,
To ni kuwa ina da 'yar tambaya.

Yaushe rabon ɗan Ingila da kambin maza?
Tun Ralph Nichols a 1938, wannan ce gaskiya.

Shekarar da ta biyo Tage Madsen na Danmak ya ɗauke,
Tun daga ranar kofin ya koyi tafiya.

Likitan Amurka Dave Freeman ya riƙe shi a 1949,
Daga kansa kuma iskar fagen ta juya.

Wong Peng Soon ya iso a 1950,
Shi ne na farko da ya kai shi nahiyar Asiya.

Sau huɗu ya ci, Eddy Choong ma huɗu,
Shekara takwas a jere kambin yana hannun 'yan Malaya.

Erland Kops na Danmak ya maido wa Turai martaba,
Sau bakwai ya ci, aka zaci nan za a tsaya.

Sai ga yaro ɗan shekara 18 a 1968,
Rudy Hartono, haifaffen birnin Surabaya.

Ya doke Tan Aik Huang a wasan ƙarshe,
Ya ɗaga kofin da sunan Indonesiya.

Ya dawo ya ci, ya sake dawowa ya ci,
Shekara bakwai a jere ba wanda ya sa shi ja da baya.

Duk wanda ya san yadda wasan ke cin ƙafa da numfashi,
Ya san riƙe kambi haka sai mai ƙarfin zuciya.

A 1975 Svend Pri na Danmak ya tare shi,
Ya karɓe kofin bayan zazzafar gwagwarmaya.

Bai karaya ba, ya koma a 1976,
Ya cika takwas, ya wuce Kops da ɗaya.

Idan haka tarihin yake, Malam, ka faɗa mini,
Tsakanin mai gida da baƙo wa ke da dukiya?

Malam Habibu

Alhaji, ƙidayarka daidai take, ban musa ko baiti ɗaya ba. Abin da nake so ka duba shi ne dalilin da ya sa waɗannan gwanaye suke tsallako teku su zo wannan zaure musamman, alhali a ƙasashensu ma akwai raga da raket.

Me ya sa Hartono ya baro gida ya nufi Wembley,
Ya jure sanyin Maris da nisan hanya?

Domin kafin a fara gasar duniya a 1977,
Wanda ya ci nan shi ake ɗauka zakaran duniya.

Olamfik ma sai a 1992 ta ba wasan lambar zinariya,
All England kuwa ta daɗe tana raba gardama da jayayya.

Daga 1957 zuwa 1993 a Wembley aka yi ta,
Zauren da gwanayenka suka yi wa tururuwa daga Asiya.

A 1994 aka mayar da ita Birmingham,
Har yau can 'yan wasa ke nufa daga kowace nahiya.

Kamfanin Yonex na Japan ne ke ɗaukar nauyinta,
Tun 1984 ake cikin wannan tarayya.

A 2005 Robertson da Emms sun ci na mace da namiji,
Suka fitar da masu masauki daga kunya.

Wanda ya share fage, ya kafa raga, ya jira baƙi,
Ya cancanci yabo bayan shekara ɗari da ɗoriya.

Ɗanlami

Ranku ya daɗe, iyayena. Ni yaro ne a wannan fage, ku yi mini afuwa idan baitina ya karye, amma ina so in faɗi abin da idona ya gani, domin zamaninmu ma ya sami nasa gwanayen.

Ni ban ga Hartono ba, labarinsa na ji,
Amma na ga Lin Dan na Sin a allon waya.

Daga 2004 zuwa 2016 ya ci sau shida,
Da hannun hagu yake sara kamar walƙiya.

Abokin karawarsa Lee Chong Wei ya ci huɗu,
Ya zama abin alfaharin 'yan Malesiya.

A 2009 Lin ya kayar da shi, a 2011 ya rama,
A 2012 ciwon kafaɗa ya sa Lee ya tsaya.

Na tausaya masa a wannan wasan ƙarshe,
Domin ya bar fage ne saboda rashin lafiya.

Kada kuma a manta Prakash Padukone a 1980,
Da ya doke Liem Swie King ya faranta ran Indiya.

Gopichand ya bi sawunsa a 2001,
Sannan ya buɗe makaranta yana renon sabuwar zuriya.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne 2021,
Lokacin korona, zaure babu 'yan kallo, babu hayaniya.

An sami mai cutar cikin fasinjojin jirginsu,
Sai aka janye dukan 'yan wasan Indonesiya.

Ƙasar Hartono ta zo har ƙofar zauren,
Aka killace 'ya'yanta a otal, ba kofi ko ɗaya.

Malama Rabi

Madalla, Ɗanlami, baitinka bai karye ba. Sai dai ku ukun duka kun sake karkata ga maza, kuma a ɓangaren mata hujjar Malam Habibu ta ɗan fi jimawa a tsaye kafin ta bi sahun ta maza.

Gillian Gilks ta Ingila ta haɗa kambi uku a 1976,
Ɗai-ɗai da bibbiyu da na haɗaka, gaba ɗaya.

A 1978 ta sake cin na ɗai-ɗai,
Daga kanta mata masu gida ba su da magajiya.

Zhang Ailing ta buɗe wa Sin ƙofa a 1982,
Susi Susanti ta kai huɗu gida Indonesiya.

Carolina Marin ta ci a 2015 da 2024,
An ga kofin mata ya sauka a Sifaniya.

An Se-young ta ɗauka a 2023 da 2025,
Yanzu ido yana kan wannan 'yar Koriya.

Malam Habibu

Na gode muku duka. Alhaji Isa, na janye rabin maganata ta farko, na bar maka kofin, amma zauren ban sallama shi ba.

Na yarda kambin ɗai-ɗai ya zama na baƙi,
Malama Rabi ma ta ƙara mini da nata a ƙidaya.

Duk da haka idan Maris ya kama zan zauna in kalla,
In ga ko Birmingham za ta fito da wanda ya iya.

Tun 1938 ake jiran magajin Ralph Nichols,
Ni ma ina cikin masu jiran, ban nuna gajiya.