Neman kalma: me za a kira "manuel hors ligne imprimable"?

Malama Hadiza, Garwa (Kamaru): Assalamu alaikum. Ina fassara darasin LibreOffice, manhajar aikin ofis, na masu koyon kwamfuta daga Faransanci zuwa Hausa, Litinin za a kai wurin bugawa. Darasin na cewa gara a riƙe "manuel hors ligne imprimable", wato jagoran da ba ya buƙatar intanet kuma ana iya buga shi, da a dogara da "aide en ligne". Na biyun na sa "taimakon intanet". Na farkon ne ya gagare ni.

Malam Sali: Wa alaikumus salam. Malama, abu biyu aka cusa wuri ɗaya. In kin danna maɓallin F1 alhali ba a girka fakitin taimako ba, burauza ce za ta buɗe ta nemi rezo, wato haɗin intanet. Fakitin daban ake sauke shi, kuma sai lambarsa ta dace da ta manhajar. Yana aiki ba rezo, amma guntayen shafuka ne, wannan na tura ki wancan, ba ya buguwa da tsari. Mai buguwa shi ne PDF mai lambar shafi da jerin babi. Ki ce wa fakitin "ajiyayyen taimako", PDF ɗin kuma "jagoran bugawa".

Alhaji Bappa, Marwa: Kundi. Kalma ɗaya ta wadatar. Kuma don Allah a bar mana "rezo" ɗin nan, ba Hausa ba ce.

Malam Sali: Ranka ya daɗe, ka ce wa ɗalibi ya ɗauko kundi, na malamin tsibbu zai fara faɗo masa.

Alhaji Bappa: To kundin tsarin mulki fa? Shi ma laya ce a ciki? A Kano ba wanda zai gane rezo.

Usumanu, Injamena: Baba Alhaji, a Kano "netwok" ko "sabis" suke cewa, su ma aro ne. Don me aron Ingilishi zai zama Hausa, na Faransanci ya zama ɓatanci? Ɗaliban Malama a Garwa suke.

Goggo Asta: Ku sa "deftere" mana, wato littafi da Fillanci, kowa ya huta, ai duk Garwa an san ta.

Alhaji Bappa: Hausa aka tambaya, Goggo.

Usumanu: Malama, ko me kika kira shi, ki kula da bugun. Zaɓi "Brochure", wato tsarin ɗan littafi, a wurin bugawa: takardar A4 guda tana ɗaukar shafi 4 gaba da baya, shafi 120 ya zama takarda 30. In adadin bai rabu da 4 ba za a sami fararen shafuka a ƙarshe. A juya takarda ta gajeren gefe, in ba haka ba bayan zai fito a kife. Hotunan allo masu duhu kuma fotokofi na mayar da su baƙi ƙirin, a ɗauke su da farin fage. Sannan ki rubuta lambar fitowar manhajar a bango: daga 7.6 sai aka tsallaka 24.2 a ƙarshen Janairun 2024, kuma wasu umarni kan sauya wuri tsakanin fitowa da fitowa. Takarda ba ta sabunta kanta, nan kaɗai taimakon intanet ya fi ta.

Malama Hadiza: Na gode ƙwarai. Na ɗauki "ajiyayyen taimako". "Jagoran bugawa" kuwa ina tsoron a ɗauka yana koyar da yadda ake bugawa ne, don haka na sa "bugaggen jagora". Rezo tana nan.

Alhaji Bappa: Tun ba a buga shi ba ya zama bugagge? To, darasinki ne. Ni dai kundi zan ci gaba da cewa.