Gyaran tsohuwar mota ko sayen sabuwa: wanne ya fi sauƙi ga aljihu?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Motata ta shekara 14, ta kuma yi tafiyar kilomita 230,000. A bana kaɗai na canza kuloci da lagireto da shokazoba, yanzu kuma bakanike ya ce injin ya fara shan baƙin mai, sai an sauke shi an sa sababbin zobban fistin, aikin da zai ci kusan sulusin abin da zan samu idan na sayar da ita. Iyalina suna ganin zuba ruwa nake yi a rariya, ni kuwa ina tsoron bashin da sabuwar mota za ta ɗora mini. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali.

Alhaji Tukur:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne auna kuɗin gyara da darajar motar, alhali abin da ya kamata a auna shi ne abin da kowace mota za ta ci a shekara guda. Kuɗin gyara yana da zafi ne saboda da hannunka kake ƙirga shi ka miƙa, amma sabuwar mota tana da nata cin da ba a gani, wato faɗuwar daraja, wadda ta fi tsanani a shekarun farko, tun daga ranar da aka fito da ita daga wurin dillali. Taka ta riga ta gama wannan faɗuwa, abin da za ta rage daga bana zuwa baɗi kaɗan ne. Ka ƙara da kuɗin ruwa idan da bashi za ka saya, da cikakkiyar inshora wadda masu ba da bashi sukan wajabta, kuma ita ma da darajar motar ake lissafa ta.

Batun mai ma ka yi masa lissafi da alƙalami. Idan tsohuwar tana shan lita 10 a kilomita 100, sabuwar kuma lita 7, kana kuma yin kilomita 15,000 a shekara, lita 450 za ka rage. Ba ƙaramin abu ba ne, amma da wuya ya biya ko da rabin abin da za ka riƙa biya na bashi. Ka tattara rasitan gyara na shekara uku ka raba uku, domin shekara ɗaya mai tsada takan rufe wa mutum ido.

Hajiya Rabi:
Alhaji, lissafinka daidai ne, sai dai akwai abin da ba ya shiga rasit. Na riƙe tsohuwar mota har ta mutu mini sau biyu a hanya da dare, yara suna ciki, kuma kowane zuwa gareji yakan cinye mini yinin aiki, ban da kuɗin motar haya. Da na sayi sabuwa na samu garanti na shekara 3 ko kilomita 100,000, kuma a tsawon wannan lokaci juyen mai da tayoyi kawai na sani. Akwai kuma batun tsaro, wanda ni ya fi damuna: na'urar da ke hana mota zamewa a kwana ta zama wajibi ga dukkan sababbin motoci a Tarayyar Turai tun 2014, amma motocin da suka girme wannan lokaci da yawa ba su da ita. Malam Habibu, ka duba ko taka tana da ita, da kuma jakunkunan iska nawa ke cikinta, kafin ka yanke shawara.

Isiyaku Bakanike:
Ranka ya daɗe, kafin a taɓa injin a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta. Inji da giya da birki duk ana gyara su ko a canza, amma idan tsatsa ta ci ƙarfen da ke ɗauke da motar, musamman inda ƙafafu suke kamawa, duk kuɗin da ka zuba a inji ka yi asararsa. Idan ƙasan lafiya yake, a gwada matsin kowace silinda, domin wani lokacin robobin bawul ne suka bushe, ba zobba ba, kuma wannan aiki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka kuma tambayi yaushe aka canza bel ɗin tayimin, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, idan motar mai bel ce, saboda a injuna da yawa tsinkewarsa yana sa fistin ya daki bawul. Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba: mota ta hannu mai shekara 3 zuwa 5, wadda wani ya riga ya ɗauki mafi nauyin faɗuwar darajarta.

Malam Habibu:
Na gode ƙwarai. Ban taɓa sa an duba ƙasan motar ba, kuma ba a gwada matsin silinda ba kafin a yanke mini kuɗin aikin. Zan kai ta wani garejin ranar Asabar, in kuma nemo rasitan kamar yadda Alhaji ya ce. Malam Isiyaku, idan silinda ɗaya ce kawai ta nuna rauni, dole ne a sauke injin gaba ɗaya?