Ƙudurorin da ke kan takardar ƙuri'a a jihar Kalifoniya ta Amurka: me E ke nufi, me A'a ke nufi?

Sabon Mai Zaɓe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Takardar ƙuri'a ta iso ta gidan waya. Bayan sunayen 'yan takara akwai jerin ƙudurori masu lamba, kowanne sai an zaɓi E ko A'a. Wa ke kawo su, kuma yaya mutum zai gane abin da yake amincewa da shi?

Yaya Babba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Hanya uku suke zuwa. Wasu majalisar jiha ce ke turo su. Wasu jama'a ne ke tattara sa hannu: sabuwar doka na buƙatar kashi 5 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna na baya, gyaran kundin tsarin mulkin jiha kuma kashi 8. A 2024 wannan ya kama sa hannu 546,651 da 874,641.

Ta uku ce ke ruɗa mutane. Idan majalisa ta yi doka, masu adawa da ita suna da kwana 90 su tara sa hannu a kai ta gaban jama'a. A nan E na nufin a bar dokar, A'a na nufin a soke ta. Wato waɗanda suka kawo ƙudurin su ne ke son ka ce A'a. Haka aka yi da ƙuduri mai lamba 25 (Prop 25) a 2020: majalisa ta soke biyan kuɗin beli, aka kai maganar ƙuri'a, A'a ta yi rinjaye, belin kuɗi ya ci gaba.

Hajiya Mai Lissafi:
Malam, kada ka tsaya a kan taken ƙudurin kawai. Buɗe littafin bayani da sakataren jiha ke aikowa, ka nemi layuka biyu da ke faɗin abin da E zai yi da abin da A'a zai yi. Daga nan ka karanta sharhin ofishin nazari na majalisa, wanda ba ya ɓangaren kowa; shi ke faɗin nawa jiha za ta kashe. Hujjojin magoya baya da na 'yan adawa kuwa ba wata hukuma da ta tantance gaskiyarsu, littafin da kansa ya rubuta haka.

Ka kula da ƙudurorin cin bashi. Bashin gina makarantu ko ayyukan ruwa daga baitulmalin jiha ake biyansa tare da kuɗin ruwa, sau da yawa har shekara 30 ko fiye.

Sannan ka duba wa ya zuba kuɗi, domin doka ta tilasta a rubuta manyan masu ba da kuɗi a jikin talla. A Prop 22 na 2020, kamfanonin manhajar ɗaukar fasinja da kai abinci, Uber da Lyft da DoorDash da abokansu, sun kashe sama da dala miliyan 200 don direbobi su zauna a matsayin 'yan kwangila, ba ma'aikata ba. Mai tuƙi da manhaja, wannan abincinsa ya taɓa kai tsaye.

Ɗan Bronx:
Ƙari kaɗan ga na wasu jihohi. A ƙudurorin jiha Kalifoniya rinjaye kawai take nema, amma Fulorida sai an kai kashi 60. A 2024 ƙudurin zubar da ciki ya samu kusan kashi 57 ya faɗi. A New York ƙudurorin kan zo a bayan takarda, sai ka juya ta.

Ƙudurin da ba ka gane ba, kana iya barinsa, sauran zaɓinka za a ƙirga. Idan ka cike E da A'a duka, wannan tambayar kaɗai ta lalace. Ka sa hannu a ambulan kamar yadda ka yi a rajista, kuma a Kalifoniya tambarin gidan waya kada ya wuce ranar zaɓe.