Kwaikwayon yaƙin Rasha da Jamus cikin dusar ƙanƙara: an ɗora mini lafiyar mutane, ina neman shawara

Ɗan Fagge, Volgograd:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun likita a Volgograd, garin da duniya ta fi sani da Stalingrad kafin a sauya masa suna a 1961. Wani abokin karatuna ɗan nan garin yana cikin ƙungiyar masu kwaikwayon yaƙi, waɗanda ke ɗinka kakin sojojin da, su fita fili su maimaita wani gumurzu na tarihi a gaban 'yan kallo. Bana za su yi nasu a tsakiyar Disamba, a wani fili kudu da gari, sun kuma roƙe ni in riƙe musu ɓangaren lafiya tare da motar asibitin da za su ɗauko. Ni ba kaki zan sa ba, ba bindiga zan riƙe ba. Tanti za a ba ni da murhu da akwatin magani. Amma da na zauna taronsu na shiri, duk wanda ya tayar da maganar sanyi ko rauni sai a nuna masa ni.

Abin da za su nuna shi ne ɗaukin da Jamusawa suka yi ƙoƙarin kai wa mutanensu. Tun 23 ga Nuwamba 1942 sojan Sobiyet suka yi wa rundunar Janar Paulus ta Jamus zobe a Stalingrad. Ranar 12 ga Disamba tankokin Janar Hoth suka taso daga Kotelnikovo bisa umarnin babban kwamandansu Manstein don su fasa zoben. Aka kwashe kwanaki ana ɗauki-ba-daɗi a ƙauyen Verkhne-Kumsky, suka kutsa har kogin Myshkova, saura musu kamar kilomita 48, a nan rundunar Janar Malinovsky ta Sobiyet ta tare su. Daga nan ba su ƙara gaba ba, kuma ranar 31 ga Janairu 1943 Paulus ya miƙa wuya. Wannan tarewar ta bakin kogi za a kwaikwaya, da mutum kamar sittin, ramukan yaƙi biyu, igwa ɗaya da wata tsohuwar motar soja.

Filin fetal yake, babu itace babu tudu, iska tana tahowa ba abin da ke tare ta. A wannan lokaci sanyi kan sauka digiri 15 ƙasa da sifiri, wata shekarar ya wuce haka. Mutanen nan kuma sun nace sai kayan 1942 sak. Wanda aka "harbe" zai faɗi ya kwanta a kan ƙanƙara har a tashi wasa. To wanda ya faɗi tun a minti na biyar fa, yaya zan yi da shi?

Na biyu, bindigogi. Na ga Mosin da PPSh a ɓangaren Sobiyet, Mauser da wata mai jigida a ɓangaren Jamus, duk da harsashi marar dalma, kwanso da albarushi kawai. Me ya kamata in nace a kai?

Na uku a zuciyata yake. Da na ga samari cikin hular kwanon Jamus suna gwajin fareti a ƙasar da ake tono ƙasusuwan mutane har yau, gabana ya faɗi. Shin daidai ne in sa hannuna a ciki?

Samanja Mai Ritaya, Kaduna:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ƙanƙara ba fagena ba ce, amma bindiga kam na tsufa da ita a hannu, don haka ka saurare ni a kan ta biyu.

Kada kalmar "marar dalma" ta ruɗe ka. Wuta da iska mai ƙarfi da ɓurɓushin albarushi suna fita daga bakin bindigar, daga kusa suna tsiyaye ido, suna fasa dodon kunne, in an ɗora a jiki suna kisa. Doka ta farko: ba a saita mutum. A ɗaga baki sama kaɗan ko a karkata gefe, in an matso kusa da juna kuma a daina harbi gaba ɗaya. Ba a ɗaura wuƙa a bakin bindiga, komai kyawun da za ta yi a hoto. Mutum yana gudu a kan santsi da wuƙa a gabansa, ai ka san ƙarshen labarin.

Da safe a jera kowa sahu. Mutum ɗaya, wanda ba ya jin kunyar kowa, ya duba kowace bindiga, ya lalube kowane aljihu da kowace jaka. Harsashi daga hannu ɗaya zai fito, a ƙirga a ba mutum, a ƙirga abin da ya dawo da shi. Wanda ya zo da nasa daga gida ya koma cikin 'yan kallo, ko da shi ne shugaban ƙungiyar. Sandar goge bindiga ma a cire ta a ajiye, don in aka manta ta a cikin bututu ta zama mashi.

Abubuwan fashewa da ake binnewa don su yi kamar igwa ta sauka, mutum ɗaya ne zai riƙe makunninsu, a tsaye inda yake ganin fili duka, kuma kowane ɗan wasa a zagaya da shi a nuna masa ramukan da ƙafarsa kafin a fara. 'Yan kallo a bayan igiya, a sa masu tsaron igiyar, saboda yara.

Abu mafi girma kuma: ka nemi a ba ka usur, a kuma faɗa a gaban kowa cewa in ka busa, wasa ya tsaya nan take, bindiga ƙasa. A filin nan ihun ƙarya zai yi yawa, kowa na kururuwar an harbe shi. Dole a sami wata alama da mai ciwon gaske zai yi wadda ba ta cikin wasa. In suka ƙi ba ka wannan iko, ka mayar musu da akwatin maganinsu.

A kan ta uku ba zan yanke maka hukunci ba. Mahaifina ya je ƙasar Bama (Myanmar a yau) da runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a wannan yaƙin dai, har ya koma ga Allah bai taɓa ba mu labarinsa yana murmushi ba. Ka duba fuskokin mutanen naka in suna maganar waɗanda suka mutu, za ka gane irin mutanen da kake tare da su.

Anti Nas, Winnipeg:

Ƙanena likita, sannu da ƙoƙari. Abin da ke cikin littafi ka sani, bari in faɗa maka abin da muke gani a ɗakin gaggawa duk hunturu a nan.

Gumi ne babban abokin gabarka. Mutum zai yi haƙa ko ya yi gudu cikin rigar auduga mai kauri, ya jiƙe sharkaf daga ciki, sannan a ce ya tsaya jiran 'yan kallo su taru. A wannan tsayuwar sanyi ke kama shi. Saboda haka duk aikin ƙarfi a gama shi tun jajibiri, ranar wasa kuma kowa ya zo da rigar ciki da safa na canji a leda. Abin da ke ƙarƙashin kaki ba mai ganinsa, su sa kayan ɗumi na zamani, kada wani ya ce maka tarihi ya hana.

Masu kwanciya kuwa, ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Ku shimfiɗa katifar soso siririya a wuraren da aka shirya za a faɗi, ku watsa dusar ƙanƙara a kai ta rufe. Sannan ku sa kwasar "gawa" da "masu rauni" a cikin wasan kansa: masu makara su riƙa shiga suna ɗauke su ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan fage, daga can a wuce da su tantinka. Kada kowa ya wuce minti goma a kwance. Ai a yaƙin gaske ma 'yan mata ma'aikatan jinya na Sobiyet haka suka riƙa jan mutane daga fili, to ga rawar da za a ba matan ƙungiyar.

Ka fi sa ido a kan 'yan ɓangaren Jamus. Na Sobiyet suna da valenki, takalmin nan na ulu da aka danne, da hula mai rufe kunne. Su kuwa takalmin fata ne mai ƙusoshi a tafinsa da hular ƙarfe, ƙarfen nan yana jawo sanyi kai tsaye. Abin da ya cinye yatsun sojojin Jamus na gaske ke nan, ba zai bar na kwaikwayo ba. Su ɗauki takalmi mai girma da lamba ɗaya ko biyu don safa ta sami wuri, takalmi matsattse yana hana jini gudu. Valenki kuma in rana ta ɗan buɗe ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa yake sha.

Ka riƙa bi kana duban hanci da kumatu da kunne. In ka ga wuri ya yi fari fat ya taurare, mutumin ba zai ji ba, kai za ka gani. Kada a goge da ƙanƙara, kada a murza, kada a kara a murhu. Ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, kuma wanda aka ɗumama wa yatsu ya gama wasa, ba ya komawa waje. Wanda ya daina karkarwa ya fara magana a harɗe, wannan na motar asibiti ne, ba na shayi ba.

Giya: za a zo maka da zancen gram 100 na vodka da aka riƙa ba sojan Sobiyet daga 1941. Ka tsaya kai da fata ba za a sha ba sai an tattara bindigogi. Tana buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali ɗumin fita yake yi. Murhun tantinka kuma ya zama da bututun hayaƙi zuwa waje, ka bar kafar iska.

Kai ma ka kula da kanka. Ka tambayi naman gwangwanin da za a zuba a fatensu na me ne, don akwai na shanu akwai na alade. Ka yi alwalarka a cikin tanti da ruwan ɗumi, ka tsane sosai kafin ka fita.

Malam Na Hamburg:

Ni ta uku ce ta tsayar da ni, kuma zan faɗi gaskiyata: ban saki jiki da abin ba. A nan Jamus doka ta hana nuna alamar 'yan Nazi a bainar jama'a, sashe na 86a na dokar laifuka, kuma sun san dalilin da ya sa suka kafa ta. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum wajen miliyan 27 a wannan yaƙi. Fursunonin yaƙinta fiye da miliyan 3 sun mutu a hannun Jamusawa, akasari da yunwa da sanyi da cuta, kuma a hannun soja na yau da kullum, masu irin kakin da samarin nan ke sawa. Mu baƙar fata kuma mun san matsayin da aƙidar ta ajiye mu.

Amma in za a nuna tarewar Myshkova, dole wani ya tsaya a ɗaya gefen. Don haka ga abin da zan tambaya in ni ne kai. Su wane ne ke sa kakin Jamus, kuma suna karɓa-karɓa ne ko kuwa akwai waɗanda ba sa yarda su sa wani sai shi? Akwai alamar SS, rundunar musamman ta 'yan Nazi? An rufe alamar 'yan Nazi da ke ƙarƙashin mikiyar da ke jikin kakin? Ana ɗaga hannu irin gaisuwarsu, ko da wasa ne a bayan fage? Rasha ma tana da dokarta a kan waɗannan alamomi, kai kuma baƙo ne mai takardar zama, ka tabbata akwai izinin hukuma a rubuce ka gani da idonka.

Mai lasifika ma yana da nauyi. Ya gaya wa mutane me ya kawo sojan Jamus bakin kogin Volga tun farko, ya kuma faɗi ƙarshensu: kusan 91,000 aka kama a Stalingrad, waɗanda suka koma gida ba su wuce 6,000 ba. Ya ambaci cewa masu tsaron garin ba Rashawa kaɗai ba ne, akwai Tatar da Kazak da Uzbek, da yawansu Musulmi.

Tunda suna son sak, ka gaya musu kada ɗan Sobiyet ya fito da allon muƙami a kafaɗa. Sai a Janairun 1943 aka dawo da shi, a Disamban 1942 a wuyan riga ake sa muƙami. Kuma kafin a sa shebur a wannan ƙasa a kira masu binciken bama-bamai su bi ta da na'ura. In aka ci karo da ƙashi, aiki ya tsaya, a kira masu tono na hukuma. Maƙabartun Rossoshka kusa da Volgograd, ta Sobiyet da ta Jamus da titi ya raba, har yanzu karɓar mutane suke.

Ɗan Fagge, Volgograd:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kai maganganunku taron jiya. Batun makara da soso sun karɓa hannu bibbiyu, matan ƙungiyar ma sun fi kowa murna. Giya an ɗan ja, daga baya shugaban ya yanke cewa sai bayan an rufe akwatin bindigogi. Malam, na yi tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya. Babu SS, alamar a rufe take, kuma mai jagorantar ɓangaren Jamus kakansa a rundunar Sobiyet ya mutu a 1942, shi ne ma ke fita tonon ƙasusuwa duk bazara. Takardar izini na gan ta. Na yanke zan yi.

An mayar da farawa ƙarfe 12 na rana, don kafin ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi, ga kwashe kaya. Baba Samanja, sun yarda da usur, alamar mai ciwon gaske kuma jan ƙyalle ne da kowa zai sa a aljihun ƙirji. Saura abu ɗaya da wani ya tayar: in mutum ya faɗi, bakin bindigarsa ya cusa cikin ƙanƙara, ya tashi ya ci gaba da harbi?

Samanja Mai Ritaya, Kaduna:

A'a ɗana, sam. Bindigar da bakinta ya taɓa ƙasa ta gama aiki sai an buɗe ta an leƙa bututun an ga haske. Abin da ya toshe ta zai fita kamar harsashi, ko bututun ya tsage a hannun mai ita. Ku koya musu faɗuwa da bakin bindiga sama, a gwada tun kafin ranar.

Anti Nas, Winnipeg:

Usur ɗin kuma na roba za ka saya, ƙanena. Na ƙarfe manne wa leɓe yake a irin wannan sanyi. Ka rataya shi a cikin riga, ka sayi biyu ka ba direban motar asibiti ɗaya.