Hoton shigar gotik: situdiyo ko tsohon gini? Ku ba ni shawara

Maimu_Zane:
Salam 'yan'uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa yin hoton kosfile, wato yin shiga irin ta wani da ke cikin fim ko labari, ku taimaka min. Na haɗa shigar gotik, salon nan na Turawa na baƙaƙen kaya mai ɗan ban tsoro, wata sarauniya ce da ni na ƙirƙiro ta, doguwar riga baƙa ta karammiski da leshi a hannu, kambi, sai baƙin gyale da zan naɗa ya sauko kamar gashi irin yadda 'yan matan Malesiya da Indonesiya suke yi da hijabi. Tela ya gama. Wuri ne ya rage, in kama situdiyo a nan Kaduna ko in nemi tsohon gini? Dubu 40 gare ni kacal kuma ba na son fuskata ta fito sosai.

Sadik_KD:
Kajuru Castle kawai. Wani Bajamushe ne ya gina shi a shekarun 1980, ga hasumiya ga katangar dutse, kai ka ce Turai. Kina Kaduna kina neman wuri?

Ummin_Hanan:
Sadik ka ji tsoron Allah. Wurin da 'yan bindiga suka kai hari a 2019 aka kashe mutum biyu shi za ka tura yarinya saboda hoto? Kuma ta ce maka dubu 40, kuɗin mota ma ya cinye rabi.

Dan_Tasha:
Baƙaƙen kaya da kambi a kango bayan la'asar? Ƙanwata ki tafi da mai ruƙiyya, don wlh duk wanda ya hango ki sai ya zubar da takalmi 😂

Abba_Kamara:
Sana'ata ce, bari in faɗa miki gaskiya. Baƙi a kan baƙi shi ne ya fi komai wahala a hoto, in haske ya zo ta gaba rigar za ta zama dunƙule guda, leshin da kika kashe wa kuɗi ba za a gan shi ba. Fitila ɗaya daga gefe, wata ƙarama ta baya ta zana gefen kambin da kafaɗa, shi kenan. Kuma kar ki bari mai kwalliya ta lafta miki farar hoda wai don ki yi kama da Turawan gotik, a fatarmu toka-toka take fitowa. Kwalli mai kauri da jan baki ruwan makuba sun isa. Hayaƙi kuwa kasko da turaren wuta a bayanki sun wadatar. Situdiyo dubu 25 da hoto biyar gyararru.

Zee_Baby:
25 a ina? Ni dubu 60 aka ce min, hoto uku.

Sadik_KD:
An dai ga fuskarki ne Zee. Abokina dubu 10 ya yi wa ƙanwarsa.

Zee_Baby:
Da waya ko? Wannan ai ba mai hoto ba ne, mai waya ne.

Anti_Fati:
Ƙanwata saurare ni, ni na yi na waje kuma har yau ina cizon yatsa. Wani gida muka samu da aka bari ba a ƙarasa ba, ciyawa ta cinye tagogi, kyau kam ba magana. Ko minti goma ba mu yi ba yara suka cika katanga suna ihu ga aljana ga aljana, wani har da jifa, can sai ga 'yan sintirin unguwa da gora wai me muke binnewa, don sun ga hayaƙi da kyandir a ƙasa. Sai da yayana ya zo ya ba da haƙuri aka bar mu. Karammiskin nan kuma zafi, gumi ya kwaso kwallin ya sauko min har haɓa, bakin rigar duk ƙarangiya. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Mai hoton ne ya ɗauki wanda fuskata ta fito tar ya sa a Instagram ɗinsa don talla bai tambaye ni ba, aka yi ta turawa har ya faɗa gurup ɗin dangin wanda zan aura. Gwaggonsa ta ce na shiga ƙungiyar asiri. Na kira shi ina kuka ya ce ai hoton nasa ne tunda da kamararsa aka ɗauka, sai da ya ga dama ya cire.

Ummin_Hanan:
Innalillahi. Auren fa Anti?

Anti_Fati:
An yi, amma har gobe in na sa baƙar abaya sai gwaggon ta bi ni da kallo.

Abba_Kamara:
Ba dukkanmu ne haka ba Anti. Ai tun farko ake rubuta sharaɗi ko a WhatsApp ne, ba sakawa sai da izini.

Zee_Baby:
Kai dai kasuwa kake nema Abba, shi ya sa kake ta tura ta situdiyo. A bar waɗanda suka sa kayan su yi magana.

Abba_Kamara:
To ke da kika sa kayan nuna mana hoton mu gani.

Zee_Baby:
Wata huɗu ke nan mai hoton bai turo ba! Kullum ana editin, ana editin. Ɗayan da ya turo kuma ya faranta ni kamar na sha bilicin, hancina ma ba nawa ba ne.

Malam_Nura:
Ni tambayata, me ya hana ki yi shigar Sarauniya Amina? Ga tarihi a gida.

Maimu_Zane:
Malam na yi ta bara. Wannan daban ce. Dan Allah a dawo kan tambayata, in situdiyo ne za su yarda in kunna kasko a ciki?

Dan_Tasha:
Masu hoto da teloli uwarsu ɗaya. Nawa telan tun ƙaramar sallah yake riƙe da shaddata, jiya na gan shi a ɗaurin aure da irinta sak.

Ummin_Hanan:
Kai ma ka ce irinta. Je ka duba aljihun hagu ko akwai ɗinkin da ka sani 😂 Ni leshina yadi biyar na kai, da aka gama sai ga 'yar telan da ɗankwali kalar nawa.

Sadik_KD:
Maimu wa ya ɗinka miki karammiskin ma tukuna, kuma nawa ya karɓa?