Bashin app uku da na banki sun shaƙe ni, wanne zan fara biya?

Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawarar wanda ya taɓa fita daga irin wannan. Albashina dubu 140 ne, amma tun da na karɓi obadiraf na dubu 200 a banki na biya kuɗin haya, ranar da alat ya shigo kafin ma in je wajen mai POS sun zare dubu 60, to ragowar ba ta kai mu ko 20 ga wata ba. Shi ya sa na faɗa wa app ɗin nan na bashi a waya, na ci dubu 30 a na farko, sati biyu suka ce in dawo da dubu 39, da na kasa sai na ciwo a na biyu na toshe, haka har suka zama uku, yanzu jimla dubu 170 kuma kullum tarar jinkiri na hawa.

Na sayar da firij, na karɓi kwasar farko a adashen wajen aiki, duk kuɗin ruwa ya cinye, uwar kuɗin tana nan. Na je banki a tsawaita min lokaci, sun ce in rubuto takarda, wata guda shiru. Jiya ɗaya daga cikin app ɗin ya tura wa surukina saƙo wai ni ɗan damfara ne, wallahi ban iya cin abinci ba. Na tura ƙorafi FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, kan wannan, amma bashin dai nawa ne, biya nake so in yi.

Dubu 25 kawai zan iya warewa a wata. In tattara ta kan app mafi tsadar ruwa har ya mutu, ko in raba wa ukun kaɗan-kaɗan?